Na sayi katin girafik da kuɗin adashin Mma, allo ya ƙi nuna komai

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 24, ina zaune a Aboabo a Kumasi. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walima, in haɗa in kai wa masu shi. Kwamfutata ta ofis ce ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. Tana aiki, amma da na ɗora mata bidiyo mai nauyi sai ta riƙa sarƙewa, aikin yini guda ya koma na kwanaki. Da Mma, mahaifiyata, ta ga wahalar da nake sha, ranar da ta kwashi adashinta sai ta damƙa mini kuɗin gaba ɗaya, ta ce in sayi abin da zai gyara mini sana'a, in riƙa biyan ta a hankali.

Na je Adum wurin ƙanin mijin yayata, yana da shagon kayan kwamfuta. Na gaya masa aikin da nake yi, ya ɗauko mini katin girafik, wanda ke sarrafa hoto a kwamfuta, a kwalinsa ya ce sabo ne. Saboda na gida ne ban nemi rasit ba, ban kuma ce a gwada ba, ta MoMo, wato ta waya, na tura masa kuɗin. Katin yana da ramin wuta mai ido takwas, kwamfutata kuma ba ta da irin wannan wayar, sai ya ba ni wata 'yar waya da ake jonawa a wayar had dis. Monitata tsohuwa ce mai VGA, don haka na haɗa ta da adafta.

Da na kunna, fankoki na juyawa, fitila na ci, amma allo baƙi ƙirin. In na cire katin komai sai ya dawo daidai. Na kira shi, ya ce lafiya lau kaya suka bar shagonsa, ni na ƙona, kuma kaya in sun fita ba sa dawowa. Raina ya ɓaci na gaya masa magana marar daɗi, yanzu ba ya ɗaukar wayata. Mma ba ta sani ba. Kullum tana tambayata ya sabon inji, ina ce mata Alhamdulillahi. Ga bidiyon wani biki da na karɓi rabin kuɗinsa, masu shi sun fara kira. Ina tsoron in ɗaga maganar ta taɓa auren yayata. In haƙura ne, ko in kai shi ƙara? Kuma katin ne ya mutu, ko ni ne na yi kuskure?

Ƙaninku daga Aboabo

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya yaye maka wannan damuwa, ya saka wa Mma da alheri. Na san abin da ya fi ci maka rai shi ne amsar da kake ba ta kullum alhali cikinka na ƙuna, kuma za mu zo kanta. Amma da tambayarka ta ƙarshe zan fara, domin duk sauran a kanta suke rataye. Har yanzu babu wanda ya san ko katin nan ya mutu. Kai ba ka sani ba, surukinku ma bai sani ba. Shi ya yanke cewa ka ƙona kaya bai ko gan su ba, kai kuma ka ɗauke shi macuci ba ka gwada katin a wata kwamfuta ba. A cikin wasiƙarka kaɗai na ga dalilai biyu da za su sa lafiyayyen kati, wanda ko ƙwarzane babu a jikinsa, ya bar allo baƙi. Saboda haka ka jingine maganar ƙara da ta haƙura tukuna, mu fara gano gaskiyar abin.

Kafin ka sake yin wani gwaji, cire katin, kunna kwamfutar yadda take a da, ka kwafi bidiyon bikin mutane zuwa had dis na waje ko babban filash. Kati ana iya sake saye, amma ranar ɗaurin aure ba ta dawowa a sake ɗauka.

Dalili na farko, kuma shi na fi zargi, wuta ce. Ramin da ake soka kati, wanda ake kira PCIe, a jikin madabod yake, wato babban faifan da sauran kayan kwamfuta ke jone a kansa, kuma iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Duk katin da ke son fiye da haka, shi ake yi wa ƙarin ramin wuta a gefe: mai ido shida yana ƙara wat 75, mai ido takwas kuma wat 150. Ɗauki misali da katunan da suka yi yawa a kasuwa. RTX 3060 yana cin wat 170, kuma masu ƙera shi sun ce a ba shi fawa saflai, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, mai wat 550. RX 580 yana cin wat 185, ana son masa mai 500. Su kuwa kwamfutocin ofis ɗin nan da ake saukewa a Tema, yawanci fawa saflai ɗinsu tsakanin wat 180 zuwa 300 yake, domin don rubutu da lissafi aka yi su. Kamar ka jona dutsen guga ne a ƙaramin janaretan da ƙwan fitila biyu da fanka kawai yake iya riƙewa. Rashin wayar mai ido takwas a cikin kwamfutarka ba mantuwa aka yi ba, waɗanda suka ƙera ta sun san ba ta ɗaukar irin wannan nauyi.

Ita kuwa 'yar wayar da aka ba ka, ba ta ƙara wuta ko kaɗan, hanya kawai take sauya mata. Bakin wayar had dis, wato SATA, abin da aka yi shi ya ɗauka bai wuce wat 54 ba, ga shi ana so a ja kusan ninki uku ta cikinsa. Wani lokaci kati ya ƙi tashi sam. Wani lokaci kuma ya tashi lafiya, sai an shiga aiki mai nauyi wayar ta ɗau zafi ta narke, ta tafi da had dis ko madabod, in ba a yi sa'a ba har da gobara. Ni a ganina rahama ce da bai tashi ba har ka zauna kana haɗa bidiyo da dare kowa na barci. Ko da nan gaba hoto ya fito, kada ka yarda ka yi aiki da wannan wayar.

Buɗe murfin gefe ka duba takardar da ke manne a jikin fawa saflai. Za ka ga jimillar wat, za ka kuma ga inda aka rubuta +12V da wata lamba a ƙasansa mai harafin A. Daga wannan layin kati da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, suke sha. Ninka lambar sau 12: in an rubuta 18A, wat 216 ke nan, kuma a ciki furosesa za ta ɗauki nata kason kafin kati ya sami saura. Ɗauki hoton takardar da wayarka, za ka buƙace shi. Kada ka kwance akwatin fawa saflai ɗin kansa, akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare soket. In kuma ka ga ɗan jan makunni a bayansa mai 115 da 230, bar shi a kan 230, ita ce wutar Ghana.

Dalili na biyu monita ce. VGA tsohuwar hanya ce ta aika hoto, kuma katunan zamani sun daina fitar da ita. Nvidia, mai ƙera katunan girafik, ta cire ta tun daga GTX 1060 da 1070 da 1080 na shekarar 2016, takwararta AMD ma ta riga ta yin haka. Ba ka faɗi irin adaftar da ka sa ba. In 'yar ƙaramar nan ce ta DVI zuwa VGA wadda babu komai a cikinta sai wayoyi, to ba za ta taɓa nuna hoto a sabon kati ba, ko da yau ya fito daga masana'anta. Wadda ke aiki ita ce mai 'yar na'ura a ciki da ke juya sigina daga HDMI ko DisplayPort zuwa VGA, ita ma ɓangare ɗaya take bi, wadda aka yi don kai VGA zuwa HDMI ba ta yin akasin haka. Hanya mafi sauƙi ta fitar da monita daga zargi ita ce ka kai kwamfutar gaban talabijin mai ramin HDMI, naku ko na maƙwabci, ka jona waya kai tsaye ba adafta, ka zaɓi wannan HDMI ɗin a rimot. Ka kuma tabbatar a jikin katin ka soka wayar, can ƙasa inda ramukansa suke, ba a ramukan madabod na sama da hannunka ya saba da su ba. Kwamfutoci da yawa suna kashe na saman da zarar sun ga an sa kati. Wannan kuskure yana kama har waɗanda suka daɗe a harkar, ba abin kunya ba ne. Kunnawa ta minti biyu don ganin ko hoto zai fito ba ta jan wuta mai yawa, amma ka tsaya a wurin, in ka ji ƙauri ko wayar nan ta ɗumama ka zare soket nan take.

Kafin wannan gwajin sai ka zare wuta, ka danne makunnin kwamfutar na 'yan daƙiƙu, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa kati, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa jiki ke tara tartsatsi. Cire katin ka sake soka shi har sai ɗan makullin ƙarshen ramin ya yi ƙas. A akwatunan ofis masu ƙunci kati kan tokare da gidan had dis, ya zauna rabi da rabi, mutum yana ganin ya shiga. Danna RAM ma, wato siririn faifan nan da ke soke a tsaye a madabod, hannu kan ture shi wajen aiki. Juyawar fanka ba ta nuna kati lafiya yake, tsayawarta kuma ba ta nuna ya mutu, domin katuna da yawa ba sa juya fanka sai sun yi zafi.

In ka kunna, ka kasa kunne ka kuma zuba ido. Wasu madabod suna yin ƙara ɗaya mai tsawo da biyu ko uku gajeru idan ba su ga kati ba. Bayan minti ɗaya danna Caps Lock: in fitilarsa na kunnuwa tana mutuwa, kwamfutar ta tashi, hoto ne bai iso ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da allon ke baƙi. In tambarin kamfanin kwamfutar ya fito, sai da Windows ta fara tashi allo ya ɗauke, to albishirinka, galibi katin yana da rai, direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da shi, ke rikici. Ana shiga Safe Mode, wato hanyar tayar da Windows don gyara, a goge tsohon direba da wata manhaja ta kyauta mai suna DDU, a sauko da sabo daga shafin kamfanin katin. In kuwa tun farko babu komai, ko tambari bai fito ba, zargi ya koma kan wuta, ko zaman kati, ko waya, ko BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta, ko shi katin kansa. Madabod na wajajen 2011 da 2012 da waɗanda suka girme su sukan ƙi gane sababbin katuna sai an sabunta musu BIOS, wasu ma ko an sabunta ba sa karɓa. Wannan aiki ka bar wa mai gyaran da ke da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyarsa madabod na iya mutuwa, ka kuma san halin wutarmu.

Duk waɗannan share fage ne. Gwajin da ke raba gardama ɗaya ne: a sa katin a wata kwamfuta mai ƙarfin fawa saflai, mai wayarta ta ido takwas, da monita mai HDMI. In hoto ya fito, a sa masa direba, a ba shi aiki mai nauyi na kamar rabin awa a ga ko zai ɗore ba tare da layi-layi ko ɗigo-ɗigo a allo ba. Masu gyara a Adum da wajajen unguwar Tech suna da irin wannan inji. Amma kada ka je kai kaɗai. In ka je kai kaɗai ka dawo ka ce an gwada ya mutu, surukinku zai ce wa ya gani, kun koma gidan jiya. Dole a yi a gabanku ku biyu, wurin wanda ba abokinka ba ne kuma ba maƙwabcin shagonsa ba. Kafin kati ya bar hannunka ɗauki hoton lambar siriyal da ke manne a bayansa, ka gwama ta da ta jikin kwali.

Tunda an ce maka sabo ne, a duba wannan ma a zaman. Tun watan Satumban 2022, da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan girafik, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka kwararo kasuwannin duniya, wasu a wanke su a sa a kwali. Akwai kuma tsofaffin katuna da ake sauya wa suna su riƙa nuna kansu a matsayin manya. Ƙura a cikin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, kusoshin da suka ci sukuddireba, da lambar da ba ta yi daidai da ta kwali ba, duk alamu ne. Wata manhaja ta kyauta, GPU-Z, tana nuna ainihin abin da ke cikin kati, har takan yi wa wasu na jabu alama. Ko an ga haka, kada ka yi saurin cewa da saninsa ya yi. Mai shago ma ana sayar masa da irin wannan yana murna ya samo kaya.

Yanzu ga surukinku, kuma ba zan wanke shi ba. Ka gaya masa aikinka, ya san irin kwamfutarka tunda shi ya ba ka wayar, kuma wanda ya buɗe shagon kayan kwamfuta bai kamata ya ɗora kati mai ido takwas a kan wayar had dis ba. Maganar kaya in sun fita ba sa dawowa kuma ba ta da gindin zama in akwai aibin da mai saye bai sani ba. Malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da ke jikinsu tun kafin ciniki, ba a kuma faɗa masa ba, yana da zaɓi ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Dokar ƙasa ma haka ta tafi. Dokar sayar da kaya ta Ghana ta 1962, mai lamba 137, ta ɗora wa mai sayarwa cewa kayansa ba su da aibin da ba a bayyana ba, kuma in mai saye ya faɗi abin da zai yi da su, su zama sun dace da wannan aiki. Rashin rasit bai rushe cinikin ba, saƙon MoMo ɗin nan shaida ne, kada ka goge shi. Adana kwali da leda da 'yar wayar da duk saƙon da kuka yi. Sai dai jinkiri yana raunana haƙƙin mayar da kaya, don haka cikin makon nan za a yi abin da za a yi.

Amma ka duba ta ɓangarensa. Ba shi ya ƙera katin ba, sarowa ya yi, kuma in ya karɓi matacce babu tabbas wanda ya sayar masa zai karɓa daga hannunsa. Duk mai irin wannan shago ya sha ganin mutanen da suka ƙona kaya da hannunsu suka dawo suna rantsuwa. Sai ga waya daga ƙanin matar wansa ana gaya masa magana. Tsoron asara da jin an taɓa masa mutunci suka haɗu, ya rufe ƙofa. Ba mamaki shi ma yana kwana da tunanin yadda zai kalli wansa in maganar ta fito. Mutumin da ke cikin wannan hali ba a samun sa a waya. Zumunci a ƙafa yake, ka taka ka same shi da safe kafin kasuwa ta cika, ka ja shi gefe inda yaran shago da masu saye ba sa ji. Ka ce masa: “Yaya, maganar da na faɗa maka a waya ban kyauta ba, ka yafe ni. Ba rigima ta kawo ni ba. Ni ma ban san ko katin ne ko injina ba. Mu je wurin wanda ka yarda da shi na yarda da shi, a gwada a gabanmu, ni zan biya kuɗin gwajin. In lafiyarsa lau, da bakina zan faɗa.” Neman afuwa a kan lafazi bai janye haƙƙinka ba. Abin da ka yi ba daidai ba ka gyara, abin da ke naka kuma yana nan.

Ina so ku yi magana a kan abin da zai biyo baya tun kafin a kunna injin gwaji, domin bayan sakamako ya fito kowa zai ja ta inda ta fi masa. In kati ya ƙi tashi a lafiyayyar kwamfuta kuma babu alamar ƙuna a jikinsa, to da aibinsa ya zo, shi zai karɓa ya bi wanda ya sayar masa, ko ya nemi garanti da lambar siriyal, kai kuma ya ba ka wani ko kuɗinka. In an ga baƙi ko narkewa a bakin ramin wuta, to ta wayar nan abin ya bi, kuma daga shagonsa ta fito, amma da hannunka ka jona. A nan adalci shi ne ku raba asarar, kuma ni zan ce ka karɓi rabi da zuciya ɗaya in an kai ga haka. Wani lokaci mai gyara ba zai iya rantsewa a kan ranar da kati ya mutu ba, kada ku matsa masa ya faɗi abin da bai gani ba don ya faranta wa ɗayanku.

Mma kuwa, yau ɗin nan za ka gaya mata, kada ka jira sakamako. Matar da ke zubin adashi ta san ana riba ana faɗuwa, labarin kaya sun ƙi aiki ba zai kayar da ita ba. Abin da zai yi mata ciwo shi ne ta ji a bakin wani, kuma ka san magana ba ta kwana a Zango. Ta ji cewa ɗanta da surukinta ba sa magana saboda kuɗinta, alhali kullum kana ce mata lafiya, wannan shi ne zai sa ta riƙa auna duk abin da ka faɗa mata nan gaba. Ka same ta bayan isha, ita kaɗai. Ka ce kunya da tsoron ɓata mata rai suka sa ka ɓoye, ka nemi gafara, sannan ka shimfiɗa mata abin da ka shirya: gwaji rana kaza, in kaza ya fito kaza za a yi. Ka roƙe ta kada ta kira yayarka ko gidan surukai sai an gama. Biyan da ka yi mata alkawari kuma kada ya tsaya, ko da abin da za ka iya kawowa a wannan watan kaɗan ne.

Shi ya sa ban goyi bayan haƙurin da kake tunani ba, wato ka jefa katin a ƙarƙashin gado ka yi shiru. Bashi na nan a wuyanka, sana'a ba ta gyaru ba, ga ƙulli a zuciya wanda wata rana a wurin suna ko biki zai kwance da kansa, a lokacin kuwa yayarka ce za ta kwashi kunyar. Kare aurenta shi ne a warware maganar da wuri tun tana ƙarama. Kada dai ka mayar da ita 'yar aike tsakaninka da dangin mijinta, ba ita ta saya ba, ba ita ta sayar ba, kuma a cikinsu take kwana take tashi. In surukin naku ya ƙi zuwa gwaji bayan ka je masa da girmamawa, sai ka sami mijin yayar taka, a matsayinsa na babba a kanku duka, ka ce ba ƙara ka kawo ba, alfarma kake nema ya zauna a ga gwajin a gabansa. In hakan bai yiwu ba, akwai limamin unguwa da dattawan fadar Sarkin Zango, sulhunta ciniki irin wannan aikinsu ne tun kaka da kakanni. 'Yan sanda ba wurin wannan magana ba ne, saɓanin ciniki ne. Kotu tana nan, haƙƙinka ne, amma ba zan ba ka shawarar zuwa ba sai in ya tabbata da gangan aka yaudare ka kuma an ƙi duk wani sulhu, domin ranar da sammaci ya shiga gidan nan, zaman yayarka a cikinsa ya sauya.

Masu biki kuma ka riga su kira. Ka ce injinka ya sami matsala, bidiyonsu na nan lafiya ka adana shi a wuri biyu, ka ba su ranar da ka tabbata za ka cika ko da ta yi ɗan nisa. Yanko musu ɗan guntu na minti ɗaya ko biyu, shigowar amarya ko wurin liƙi, ka tura, hankalinsu zai kwanta. Tsohuwar kwamfutarka ma za ta iya gama aikin. Manhajoji irin su Premiere Pro suna iya yin ƙananan kwafi marasa nauyi na bidiyo, ka yi yanka da jeri da su ba sarƙewa, in ka gama manhajar ta koma kan na asali wajen fitarwa, ka bar ta tana yi cikin dare. In lokaci ya ƙure, nemi abokin sana'a mai babban inji ka biya shi na yini ɗaya daga cikin rabin kuɗin da ya rage.

Saura abin da na fi tsammani, wato a gwada a tarar kati lafiya lau. To ka cika alkawari, ka faɗa da bakinka a gaban duk wanda ya ji rigimar. Daga nan hanya biyu ce. Ko ka sayi fawa saflai mai wat 550 ko fiye na kamfani sananne, amma sai mai gyara ya fara duba kwamfutarka, domin wasu na ofis ba sa amfani da babbar waya mai ido 24 da aka saba, nasu bakin daban ne, girman akwatin ma daban, fawa saflai na kasuwa ba ya shiga. Ko kuma ka nemi surukinku ku warware cinikin da yardar juna, abin da malamai ke kira iƙala, wanda akwai lada ga mai sayarwar da ya amince da shi. Ya karɓi katinsa lafiyayye, tunda ga shaida an gani, ya ba ka ƙarami wanda wutar ramin madabod kaɗai ta ishe shi, irin GTX 1650 mai wat 75 da ba shi da ramin wuta a gefe, ko RTX 3050 mai 6GB da ke cin wat 70. Ni ta biyun na fi so maka. Tsohuwar furosesa ba za ta iya ciyar da babban kati aiki yadda zai nuna ƙarfinsa ba, ƙaramin kuma zai sauƙaƙa maka haɗa bidiyo sosai a kan yadda kake a yanzu. Canjin da ya rage ka sayi monita ta hannu mai HDMI da sitabilaiza. Wannan karon ka ɗauki kwamfutar taka a tasi zuwa shagon, a soka katin a ciki, hoto ya fito a gabanku, ya rubuta maka rasit mai lambar siriyal da kwanan wata kafin ka tashi.